Yadda Titin Gayya Ya Rabe Biyu a Kufan Hakama

Dalilin da ya sa Titin Gayya ya rabe biyu a tsakiyar tafiyarsa, ba shi ne wanda direbobi suke faɗa muku ba. Ku dai kun san titin. Daga Ƙofar Fatake yake tasowa, ya bi ta gaban tsohuwar kasuwar hatsi, ya haye gadar Rafin Kalgo, yana tafe sak kamar an ja zare. Sai kawai, ba dutse ba kogi, ya dare gida biyu. Ɗaya ya yi kudu, ɗaya ya yi arewa, su bar wani dogon fili mai itatuwan maɗaci a tsakaninsu, su yi ta tafiya ba sa ganin juna, sai dab da shataletalen Tasha su sake haɗuwa. Direbobi cewa suke wai aljanu ne suka hana katafila wucewa. To, lokacin da aka share hanyar nan ko mai tuƙa katafilar ba a haifa ba. Ku gyara zama. Mai danna waya ya ajiye ta, don ba maimaitawa za a yi ba.

A wancan zamani birnin nan iyakarsa ganuwa. Da ka fita Ƙofar Fatake sai gonaki, bayan gonaki sai daji, sabara da kalgo da gamba wadda ta shanye tsawon mutum. Can gabas aka shimfiɗa dogo, jirgin ƙasa ya fara tsayawa, mutane suka kakkafa bukkoki a wurin suka sa masa suna Tasha. Abin da ya haɗa gari da Tasha 'yar turba ce ta fatake, mai lanƙwasa duk inda jaki ya ga dama. Ana nan sai gyaɗa ta yi daraja, aka ce motoci za su riƙa zuwa kwasarta, mota kuwa ba ta bin turbar jaki. Sai aka ba da umarni a share hanya mai faɗi, miƙaƙƙiya, daga bakin ƙofa har Tasha, kuma da gayya za a yi ta.

Ga shi nan kuna kallon juna, ba ku san gayya ba. Allah sarki zamani! Gayya ita ce a kira majiya ƙarfi na gari kaf su taru a kan aiki ɗaya, ba lada sai fura da tuwo da suna. Mata su yi ta dafuwa, 'yan mata su jera da tuluna, maza su tuɓe riguna su ɗauki gatura da fartanyu. Amma duk yawansu ba sa motsi sai da makaɗi. Shi ne a gaba da gangar noma rataye a kafaɗa, yana kaɗa wa kowane gwani takensa, yana yi masa kirari har kansa ya yi zafi. Mutum in ya sunkuya ya ji takensa, ba ya ɗaga kai ya duba gabas ko yamma. Inda makaɗi ya sa ƙafa, nan fartanya take sauka.

Makaɗan gayya biyu ne suka yi suna a ƙasar, kuma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Babban shi ne Nomau, yana zaune a Tasha. Ƙaramin shi ne Cindo, mai yatsu shida a hannun hagu, yana cikin gari. Cindo mutum ne mai fara'a da saurin hawaye da saurin fushi, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa. Nomau kuwa sai ka wuni da shi ba ka ji maganarsa ba, in ba ganga ce ta yi ta a madadinsa ba. Sun yi shekaru ba sa ga maciji da juna, kuma kowa ya san dalili.

An haife su ne a wata 'yar tunga a tsakiyar dajin nan, tsakanin gari da inda Tasha take. Uwarsu sunanta Hakama. Cindo shi ne autanta, ta goya shi har ƙafarsa tana dukan cinyarta, tana yi masa wasa a gaban kowa, in ta dama fura shi yake lashe ludayi. Nomau kuwa ɗan fari ne, kuma a lokacin kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son a kira shi sai ta ce, "Ku ce wa wancan ana nemansa." Shi ma ba ya ce mata Inna. Cindo ya tashi yana ganin haka, ya san al'ada ce, amma a can cikin ransa ya ɗauka ba wani abu a tsakanin Nomau da uwarsu sai shirun.

Da Hakama ta rasu aka binne ta a bayan ɗakinta, yadda mutanen ƙauye suke yi a da. Cindo ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Nomau ya haƙa kabari da hannunsa, ya sa ta, ya mayar da ƙasa, idonsa a bushe. Kafin a yi sadakar uku ya rataya gangarsa ya kama hanyar Tasha. Cindo ya bi shi har bakin danga, ya ce masa a gaban 'yan zaman makoki, "Tafi! Dama ba ka taɓa sonta ba. Ni kaɗai ta haifa." Nomau bai waiwayo ba. Bayan haka mutanen tungar suka watse ɗaya bayan ɗaya, ɗakuna suka rushe, wuri ya zama kufai, gamba ta rufe shi. Cindo ne kawai yake zuwa jefi-jefi ya yi addu'a a gaban 'yan duwatsun da aka jera a kan kabarin.

To, da maganar hanya ta taso, mai awo ya zo ya kakkafa turaku daga ƙofa zuwa Tasha, ya koma inda ya fito. Cindo ya bi turakun nan da ƙafa don ya ga inda zai ja mutanensa. Yana tafe yana tafe, sai ya ga abin da bai zata ba. Layin ya ratsa kufansu ta tsakiya, har an kafa turke ɗaya a gefen duwatsun kabarin Hakama. Ya tsaya ya dafe kai. Ya hango gatura da diga suna tone wurin, ya hango motocin gyaɗa suna bi ta kan uwarsa safe da yamma, sai ya zauna a ƙasa.

Bai koma gida ba sai da ya biya wajen Wakili Dogara, wanda aka ɗora wa aikin. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. Kabarin mahaifiyata yana kan layi."

Wakili ba mugu ba ne, amma aikin ya sha masa kai. Ya ce, "Cindo, tun safe nake jin irin wannan. Wannan ya ce gonarsa, wannan ya ce rijiyar kakansa, wata tsohuwa ta zo a kan bishiyar ɗorawa. In na lanƙwasa maka, sai na lanƙwasa wa kowa, mu koma turbar jaki ke nan. An ce mini sak, sak kuma zan yi. Allah ya jiƙan Hakama, na sha furarta. Amma wace ƙasa ce babu wani kwance a cikinta? Tashi ka je ka ɗaure gangarka."

Cindo ya koma gida fuska a murtuke, ya ƙi cin tuwo. Matarsa Tasalla ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Malam, ba kai kaɗai ba ne ɗanta. Ka je Tasha ka gaya wa Yaya. Bakin mutum biyu ya fi na ɗaya nauyi a wurin Wakili."

"Wa? Mutumin da ko hawaye bai yi mata ba? Wallahi in an ce masa ya ja mutane ta kanta, kaɗawa zai yi yana tafiya."

"Ka tambaye shi ka ji?"

"Ba sai na tambaya ba. Na san shi."

Tasalla ta ɗauke kwanonta ta fita, don ta san in ya hau wannan dokin ba ya sauka da wuri.

Aka dakata da aiki har ruwa ya ɗauke, don mutane su gama noman damina. Kafin nan gara ta cinye rabin turakun, sauran kuma mata masu neman itace suka tsince su suka dafa tuwo, don a ganinsu Allah ne ya kawo busasshen itace a jere. Wakili ya tara shugabannin gayya ya ce ba za a jira mai awo ba. Mutanen gari su faro daga ƙofa, mutanen Tasha su faro daga can. Inda turke ya rage a bi shi. Inda babu, makaɗan nan biyu a dajin aka haife su, kowa ya nufi sautin gangar ɗan'uwansa har a haɗu a tsakiya. Mutane suka ce wannan dabara ta yi. Cindo ya sunkuyar da kai, don a nan take wani tunani ya faɗo masa, kuma ya ji tsoron tunanin.

Ranar farawa, ai sai wanda ya gani. Da hantsi bakin Ƙofar Fatake ya cika maƙil. Masu gatari a gaba, masu fartanya a bayansu, masu kwanduna suna kwashe saiwa da duwatsu, 'yan mata suna rangaɗa guɗa. Cindo ya saki ganga, ƙasa ta ɗauka. Wanda yake bin bayansa dab da dab shi ne Gagare, gwanin noman gari, ƙato mai wuya kamar turmi, wanda in ya ji takensa har kuka yake yi yana sara. Haka aka yi ta ci gaba kullum, aka wuce gonaki, aka cike Rafin Kalgo da duwatsu da itace a inda gada take yanzu. Hanya ta fito fes, in ka tsaya a bakin rafi kana hango ƙofar gari. Da suka haye sai turaku suka ƙare, gamba ta tsaya musu a gaba. In an tsagaita don shan fura, ana jiyo gangar Nomau daga gabas, ƙasa-ƙasa.

A nan Cindo ya fara abin da ya ƙulla. Ya san makaɗin da ya yaudari fartanya ya gama kiɗan gayya a duniya, don ba wanda zai sake sunkuyawa a bayansa. Kuma ganga ita ce abincinsa, ita ce sunansa, ita ce gadon ubansa. Ya auna wannan, ya auna duwatsun nan da ke cikin gamba, ya ce a ransa ganga ta tafi. Sai ya fara karkata. Ba da yawa ba. In ya yi taku kaɗan sai ya ɗan zame dama, ya miƙe, ya sake zamewa. Dama ya zaɓa ba don wani dogon tunani ba. Tun yana yaro aka koya masa da dama ake fara komai, ƙafarsa ce ta yi masa zaɓin.

Da farko ba wanda ya lura. Amma wata safiya Gagare ya miƙe don ya share gumi, ya ƙanƙance ido ya ce, "Kai Cindo, tsaya. Da muka faro, rana a goshina take fitowa. Yau ga ta a kuncina na hagu. Ranar ce ta yi ƙaura ko mu ne?"

Cindo ya gyara ratayar gangarsa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Gagare, yaushe ka fara duban rana? Da can ai ita take dubanka. Ko tsufa ne? Na ji an ce gwanin Tasha bai ɗaga kai ba tun jiya."

Kafin Gagare ya ba da amsa, ya sakar masa takensa da ƙarfi, yana kirari, "Gagare na Delu, sa maza gudu! Fartanya ta gaji, kai ba ka gaji ba! Daji ya gan ka ya ba da hanya!" Gagare ya yi wata ƙara ya faɗa wa gamba, ya manta da rana da inda take fitowa. Cindo yana kaɗawa yana jin kunya har cikin ƙashinsa, don mutumin nan ya yarda da shi ne ya rufe ido.

Hankalinsa dai bai kwanta ba. An ce wa Nomau ya nufi sautin gangarsa. In Nomau ya taho a karkace yana neman sa, ai zai iya yanko kufan ta gefe, ya bi ta kan kabarin duk da haka. Sai Cindo ya ƙara zamewa dama don ya ja shi nesa. Yana kasa kunne, sai ya ji gangar Tasha, maimakon ta biyo shi, kullum ƙara komawa take hannunsa na hagu. Ya ce a ransa, "Ka ji taurin kai! Ya ƙi bina. Miƙewa zai yi sak ya tone ta." Ya ji wata irin ƙiyayyar wansa ta taso masa. Abinci ya daina shiga, ya rame, Tasalla ta zuba masa ido.

Ranar da aka sa ran haɗuwa, Wakili ya sa aka yanka sa, mata suka kawo tuwo a masakai. Mutanen gari suna sara suna jiran su ga gamba ta buɗe su ga fuskokin mutanen Tasha. Gangar Nomau ta matso, ta matso, har ana rarrabe taken da yake kaɗawa. Cindo ya san daidai inda suke. Kufan yana nan hagu da shi, bayan wata tsamiya. Yana kaɗawa yana jiran ya ji sara a wurin. Bai ji ba. Sautin ya zo daidai kafaɗarsa, amma daga nesa, can ƙetaren kufan. Sannan a hankali ya fara komawa bayansa.

Gagare ne ya fara yar da fartanya. "Jama'a, ku tsaya! Gangar Tasha a bayanmu take!"

Aka yi cirko-cirko. Wani saurayi ya hau tsamiyar nan ya leƙa, sai ya fashe da dariya har ya kusa faɗowa. Ya ce ga mutanen Tasha can arewa sun share hanya tasu mai kyau, sun wuce, suna ta sara sun nufi gari. Hanyoyi biyu sun yi saɓani, ga daji a tsakaninsu ba wanda ya taɓa shi. Ku lura da kyau, yara. Da ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, da a gefe ɗaya za su ɓulla su yi karo. Amma kowannensu damansa ya bi, kuma suna fuskantar juna ne, sai daman wannan ya zama kudu, daman wancan ya zama arewa.

Wakili Dogara ya iso rawaninsa a karkace don fushi. Ya sa aka tattake ciyawa a gindin tsamiya, aka tara gayya biyu, aka gurfanar da makaɗan. Rabon Cindo da ya ga wansa kusa haka tun ranar makoki. Ya ga furfura ta fito masa, ya ga shi ma ya rame.

Wakili ya ce, "Cindo, kai ne mai baki. Me ya faru?"

Cindo bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da gangan na yi. Na gaya maka uwata tana kwance a nan. Ban iya jan mutane ta kanta ba. Abin da za a yi mini a yi."

Wuri ya yi gunaguni. Wakili ya juya. "Kai fa, Nomau? Shi ya kauce. Kai da aka ce ka bi sautinsa, me ya kai ka arewa?"

Nomau ya dubi ƙasa. "Iska ce ta ruɗe ni, ranka ya daɗe."

"Iska? Kai da kake jin gangar biki daga wani gari ka faɗi mai kaɗa ta? Kada ka mayar da ni yaro. Me ya kai ka arewa?"

 Wakili ya sake tambaya, ya daka tsawa, Nomau bai ɗago ba, sai gumi da yake tsattsafo masa a goshi. Can sai Gagare, wanda aka fi cuta a cikinsu, ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi haka. Ɗan fari ne. Ko yanka shi za ka yi ba zai ambaci uwarsa a gaban mutane ba."

 Dattawa suka sunkuyar da kai, don da yawansu 'ya'yan fari ne. Cindo ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi. Ya dubi wansa, ya dubi hanyar arewa da ta lanƙwasa ta bar kufan, ya gane cewa duk kwanakin da yake zaginsa a zuci, mutumin nan abin da yake yi shi ma shi yake yi, shi kaɗai, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Sauran magana ta hanya ce. Wakili ya ce a toshe ɗaya a bi ɗaya. Mutanen gari suka ce ba tasu ba, guminsu ba zai tafi a banza ba. Mutanen Tasha suka ce su ma ba bayin kowa ba ne. Ya ce to a share ta tsakiya yadda aka auna. Gagare ya ce shi dai fartanyarsa ba za ta sauka a kan Hakama ba yanzu da ya sani, kuma ga gyaɗa tana jiran cira a gona. Kowa ya ce haka ne. Wakili ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce kowace gayya ta ci gaba har ta faɗa cikin hanyar 'yar'uwarta. Mai zuwa Tasha ya bi ta Cindo, mai zuwa gari ya bi ta Nomau, ko ba komai motoci ba za su yi karo ba. Shi zai san abin da zai faɗa wa na sama da shi.

Amma gayya tana da dokarta, kuma ba Wakili ne ya kafa ta ba. Makaɗin da ya karkatar da mutane, komai kyawun dalilinsa, ba ya sake shiga gaba. Aka karɓi gangunan biyu. Gagare da kansa ya sa wuƙa ya farke fatunsu, yana yi yana kawar da fuska. Cindo ya runtse ido da ya ji ƙarar fatar nan. Ragowar aikin da waƙar baki aka ƙarasa shi.

Da la'asar mutane suka koma wajen naman sa. Cindo ya kutsa cikin gamba ya nufi kabarin, sai ya tarar da Nomau a tsugune yana cire ciyawa daga tsakanin duwatsu. Ya tsaya a bayansa ya rasa ta inda zai fara.

"Yaya."

"Na'am."

"Na ce maka ba ka taɓa sonta ba. A gaban mutane na faɗa."

Nomau ya ci gaba da cire ciyawa. Ya amsa ba tare da ya juyo ba.

"Kai ta goya ka kowa yana gani. Ni tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na shigo gida, sai ta tashi ta zaga ta bayan rumbu. Amma duk inda ta zaga, in na bi wurin sai na tarar da akushi a rufe, da ɗuminsa."

"To me ya sa ka tafi ranar nan? Ko uku ba a yi ba."

"Don in na ƙara zama, kuka zan yi a gaban jama'a. Ita ta riƙe nata tun daga ranar da ta haife ni har ta koma ga Allah. Ni in kasa riƙe nawa, in kunyata ta a ranar ƙarshe?" Ya share hannunsa a gwiwa. "Duk rayuwarta zaga ni take yi, Cindo. Yau ni ma na zaga ta."

Cindo ya durƙushe ya fashe da kuka irin nasa mai ƙara. Nomau ya ɗora masa hannu a ƙeya ya bar shi ya yi na mutum biyu.

Ba su sake kaɗa ganga ba har suka bar duniya. Sun kafa rumfa a cikin filin, suna ajiye randunan ruwa don matafiya, su ne kuma suka dasa itatuwan maɗacin nan suka yi ta ba su ruwa da tulu. Tasalla tana kawo musu tuwo a akushi ɗaya. Daga baya aka zuba wa hanyar marmara, aka gina gada ta siminti, aka zo aka malala kwalta. Gari ya fasa ganuwa ya bi titin, Tasha ma ta biyo shi, har suka haɗe ba ka sanin inda wannan ya ƙare. Inda ake jin kukan kurciya yanzu sai hon, inda gamba take sai bankuna da shaguna da fitilu. Duk wanda ya zo faɗaɗa titin sai ya ga rabuwar ta yi wa motoci daidai, ya bar ta yadda ya same ta. Gayya ta mutu, masu taken sun mutu, duwatsun ma ƙasa ta shanye su, yau ba mai iya nuna muku daidai wurin. Abin da ban kewa, amma haka duniya take tafiya.

To, shi ya sa har yau ɗin nan Titin Gayya yake rabewa biyu bayan gada, mai zuwa Tasha ya bi damansa, mai komawa gari ya bi damansa, ba wanda yake ratsawa ta tsakiya. In an ɗauko ku a mota kun iso inuwar maɗatan nan, ku ɗan rage surutu. Uwar wasu ce take kwance a wurin.